Tsakanin albashi da ƙasar kakanni: matan Aborijin a harkar ma'adinan Ostireliya

Ranar 1 ga Mayun 1946 ma'aikatan gandayen kiwon tumaki na yankin Pilbara, can arewa maso yammacin Ostireliya, suka fara yajin aiki. 'Yan asalin ƙasar ne, waɗanda ake kira Aborijin, kuma kafin ƙura ta lafa mutum kusan 800 sun bar gandayen Turawa. Yawancinsu ladan aikinsu bai wuce garin fulawa da sukari da ganyen shayi da taba ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba na kuɗi, ga doka ta hana su barin ubangida sai da izini. Cikin waɗanda suka ja gaba akwai wata mace, Daisy Bindi, 'yar ƙabilar Nyangumarta. Ita ta tattaro mutum 96 ta fito da su daga gandun Roy Hill, duk da barazanar 'yan sanda.

Yajin ya kai shekara uku, wasu ma ba su sake komawa ba har suka mutu. To me suka ci a tsawon wannan lokaci? Babban abin da ya riƙe su wani ɗan akushi ne mai tsawo da matansu ke amfani da shi tun kaka da kakanni wajen raba ƙwayar ciyawa da ƙaiƙayi da yashi, suna kiran sa yandi. Duk wadda ta taɓa bakace da faifai ta san wannan motsin hannu: mai nauyi ya taru gefe guda, marar nauyi ya gangara ɗaya gefen. Da shi matan suka riƙa tace kuza da wasu ma'adinai masu nauyi daga yashin rafuka, ana sayarwa ana sayen abinci, kamar yadda matan Filato suka daɗe suna wanke kuza a bakin kududdufai. A farkon shekarun 1950 masu yajin har kamfanin haƙar ma'adinai suka yi wa rajista da sunansu.

Yau in ka ce Roy Hill, ba wanda zai tuna gandun tumaki. Sunan wata ƙatuwar mahaƙar tama ce, wadda mafi yawanta mallakar kamfanin Gina Rinehart ne, matar da ta fi kowa dukiya a Ostireliya. Na fara da wannan labari ne saboda kamfanoni in za su ba da tarihin matan Aborijin a harkar ma'adinai, daga ranar da suka miƙa wa wata hular kwano da riga mai ƙyalli suke farawa, kamar kafin nan babu komai. Alhali matan sun riga manyan kamfanonin tama fara cin abinci daga ma'adinan Pilbara da wajen shekara ashirin. Fitar da su aka yi daga baya, kuma sanin yadda aka fitar da su ne zai sa a gane darajar kujerar da wasunsu ke kai yanzu, da kuma iyakarta.

A 1960 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin fitar da tama zuwa ƙasashen waje, Japan kuwa na neman ƙarfe ido rufe. Cikin shekara goma aka shimfiɗa layukan dogo, aka gina tashoshin jiragen ruwa, kamfanoni suka kafa garuruwansu na kansu irin su Tom Price da Newman da Dampier. Ma'aikata daga kudu da ƙasashen Turai aka kwaso su. Masu ƙasar ba a tambaye su ba, ba a biya su diyya ba, aiki ma ba a ba su ba sai ɗaiɗaiku. Sai kuma ga wata masifar da ta zo da rigar alheri: a ƙarshen shekarun 1960 aka wajabta biyan makiyayan Aborijin albashi daidai da na Turawa, masu gandaye suka ga ba za su iya ba ko ba sa so, suka sallame su da iyalansu. Haka suka tare a gefen garuruwa irin su Roebourne, suna kallon jiragen ƙasa na wucewa da duwatsun ƙasarsu. A can gabas, a yankin Cape York na jihar Queensland, abin ya fi haka muni. A Nuwamban 1963 'yan sanda suka kwashe mutanen Mapoon cikin jirgin ruwa, aka cinna wa gidajensu wuta, a yankin da aka riga aka ba kamfani izinin haƙar jar ƙasar da ake narkawa a sami alminiyom. Mace kuwa ƙofa biyu aka kulle mata, domin har cikin shekarun 1980 dokokin wasu jihohi sun hana kowace mace, Baturiya ko baƙa, yin aiki a ramin ƙarƙashin ƙasa.

Kotu ce ta sassauta ƙofar. Ranar 3 ga Yunin 1992 babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar Mabo, ta yi watsi da tsohuwar da'awar cewa Turawa sun tarar da ƙasa ba mai ita. A 1993 majalisa ta yi dokar haƙƙin ƙasa na gado. Wannan doka tana buƙatar a tsaya a kanta, domin mutane da yawa suna ɗaukar ta fiye da yadda take. Ma'adinan da ke cikin ƙasa har gobe na gwamnati ne, kamar dai yadda tsarin mulkin Najeriya ya damƙa su a hannun gwamnatin tarayya, sai dai a can jihohi ne ke riƙe da su. Abin da dokar ta ba masu ƙasa shi ne haƙƙin a zauna da su a yi ciniki. Kamfani zai tattauna da su na aƙalla wata shida da zuciya ɗaya, in ji dokar. In ba a daidaita ba, sai a kai maganar gaban wata hukumar sasanci ta ƙasa, ita kuwa tun kafa ta sau ƙalilan ne, waɗanda yatsun hannu ɗaya za su ƙirga, ta taɓa cewa kada a yi haƙa. Sannan hukumar ba ta da ikon ɗora wa kamfani biyan kaso gwargwadon darajar abin da ya haƙa. Ma'ana, wanda ya ƙi sa hannu yana iya rasa ƙasar ya kuma rasa kuɗin. Wannan ciniki ne da agogo ke bugawa a kan mutum ɗaya.

Duk da haka jinkiri asara ne ga kamfani, shari'a ma haka, masu zuba jari kuma ba sa son rigima. A 1995 shugaban kamfanin CRA, wanda ya zama Rio Tinto, Leon Davis, ya fito fili ya ce kamfaninsa ya karɓi sabon tsarin, a lokacin da sauran masu ma'adinai ke ta yaƙar dokar. Daga nan yarjejeniyoyi suka biyo baya: ta Yandicoogina a Pilbara a 1997, ta yammacin Cape York a 2001, ta mahaƙar daiman ta Argyle a tsakiyar shekarun 2000. Kusan kowace tana ɗauke da alkawarin horarwa da guraben aiki da kwangiloli da asusun al'umma. Ta wannan kafa akasarin matan Aborijin na wannan zamani suka shiga.

Matakin farko ga da yawansu kujerar tifa ce. Ba irin tifar yashin da muka sani ba, mota ce mai tsayin gidan bene, tana ɗaukar tan fiye da 200 a sawu ɗaya, sai an hau tsani ake kaiwa ga sitiyari. Florence Drummond ta bi ta nan. Ta fito daga tsibirin Thursday da ke mashigin Torres, tana da tsatson Dauareb da Wuthathi, ta yi aikin sarrafa manyan injuna a mahaƙar Rio Tinto da ke Weipa, wato a yankin nan da aka ƙone Mapoon. Daga baya ta kasance cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiya ta matan asalin ƙasa masu aikin ma'adinai, ana taƙaita sunanta IWIMRA, ta kuma shugabance ta. Ƙungiyar daga zumunta tsakanin ma'aikata ta taso, mata da ke warwatse a mahaƙai masu nisa da juna, kowace ita kaɗai ce irinta a rukuninta, suna neman wadda za su tambaya abin da ba a tambayar shugaba.

Albashin ba na wasa ba ne. Direban irin wannan mota yakan haura dalar Ostireliya dubu 100 a shekara ba tare da digiri ba, kuma ga matar da ta tashi a garin da aikin yi ya yi ƙaranci, wannan kuɗi na nufin gida nata na kanta da makaranta mai kyau ga 'ya'ya. Ba na cikin masu rena wannan. Wanda bai taɓa rasa kuɗin haya ba shi ke saurin cewa mutum ya sayar da kansa.

Sai dai yadda aikin yake tsare, kamar da gangan aka yi shi don wanda ba shi da kowa a wuyansa. Yawancin mahaƙan Pilbara ba sa zaunar da iyali. A jirgin sama ake kai ma'aikaci daga birnin Perth, tafiyar kusan awa biyu, ya zauna a sansani kwana takwas ko mako biyu yana aikin awa 12 kullum, wani zubin dare wani zubin rana, sannan a dawo da shi hutu. Matar da ke da yara sai ta sami kaka ko inna da za ta riƙe su. A cikin al'ummar Aborijin wannan ba baƙon abu ba ne, 'ya'yan 'yar'uwa 'ya'yanki ne, amma hakan na nufin ita ma wata rana za a kawo mata na wasu. Ga zaman makoki, wanda a wurinsu wajibi ne mai ɗaukar kwanaki ko makonni, ana tafiya mai nisa dominsa, kuma a al'ummar da mutane ke mutuwa da ƙuruciya fiye da sauran 'yan ƙasa, makokin ba ya yankewa. Takardar hutun kamfani kuwa kwana biyu ko uku ta sani, ta kuma san uwa da uba da ɗa, ba ta san ƙanin kaka ba.

Akwai wani abin da Bature mai tsara jadawalin aiki zai yi ta mamaki a kai, Bahaushe kuwa zai gane shi nan take. A ƙabilu da yawa akwai kunyar surukuta mai tsanani: suruka da mijin 'yarta ba sa magana, ba sa haɗa ido, ba sa zama a mota ɗaya. A wasu wuraren har tsakanin wa da ƙanwa akwai irin wannan nesantar bayan sun girma. To a ce an ɗora mace shugabar rukuni, cikin rukunin akwai namijin da al'ada ta hana ta kiran sunansa, ga rediyon aiki na buƙatar ta ba shi umarni. Ko kuma akwai dattijon da a gida shi ke da magana a kanta, a wurin aiki ita za ta rubuta masa takardar gargaɗi. Sannan ranar albashi wayarta ba ta hutawa, domin mai samu a dangi ba shi da ikon cewa babu. Wannan ma ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Waɗancan nauyin gida ne. Na wurin aiki kuwa kamfanin da kansa ya tona. A Fabrairun 2022 Rio Tinto ya wallafa binciken da ya sa Elizabeth Broderick, tsohuwar kwamishinar yaƙi da wariyar jinsi ta ƙasar, ta gudanar a kan ma'aikatansa, mutum fiye da dubu 10 suka ba da amsa. Sama da kashi 28 cikin 100 na matan sun ce an yi musu cin zarafi irin na neman lalata a wurin aiki, mata 21 sun ce an yi musu fyaɗe ko an yi yunƙurin yi ko an kai musu hari makamancin haka cikin shekara biyar. Cikin matan asalin ƙasa kusan kashi 32 cikin 100 sun ce sun gamu da wariyar launin fata, mazansu kuwa kusan kashi 40. Bayan wata huɗu majalisar jihar Yammacin Ostireliya ta fitar da nata rahoton a kan sansanonin ma'aikata, ya nuna ba matsalar kamfani ɗaya ba ce. Mata kusan ɗaya cikin biyar ne na ma'aikatan wannan fanni, 'yan asalin ƙasa kuma kashi 3.2 cikin 100 ne na al'ummar ƙasar a ƙidayar 2021. Wadda ta haɗa biyun takan tarar ita kaɗai ce a ɗakin cin abinci mai ɗaruruwan mutane, a wurin da gari mafi kusa ke da nisan awoyi.

A ce ta jure duk wannan, tana son hawa sama. Nan tsanin yake rabuwa biyu, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar. Hanyar da ke kaiwa ga manajan mahaƙa, daga nan zuwa shugabancin sashen da ke samar da kuɗi, ta injiniyoyi ce da masana duwatsu, tana buƙatar digiri da takardar shaidar gwamnati da shekaru a bakin rami. Ɗaya hanyar tana kaiwa ofishin hulɗa da al'umma, ko kula da wuraren tarihi, ko ɗaukar ma'aikata. Mace 'yar Aborijin mai baki da kwarjini, tun ba ta nema ba za a tura ta hanya ta biyu, a ce ai ke kika san mutanenki. Muƙamin yana da suna mai daɗi, hotonta zai fito a rahoton shekara, amma ba ta riƙe da kasafin haƙa, ba ta sa hannu a jadawalin fasa dutse. Ita ake aikawa ta gaya wa dattawa abin da aka riga aka yanke, ita kuma za ta haɗu da su gobe a wurin jana'iza. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Bayan wannan akwai aikin da ba ya cikin takardar ɗaukarta, ba a kuma biyan ta: duk bikin da ya shafi 'yan asalin ƙasa ita za ta shirya, duk sabon manaja ita za ta wayar masa da kai, duk yaron Aborijin da ya makara ita za a tambaya dalili.

Matakin farkon ma yanzu yana zamewa. Tun 2008 Rio Tinto ya fara gwada tifofi marasa direba a Pilbara, yau ɗaruruwansu ke yawo a mahaƙan manyan kamfanoni, jiragen ƙasan Rio Tinto ma ba matuƙi, ana lura da su daga wani ɗaki mai cike da kwamfutoci a Perth, nisan kusan kilomita 1,500. Aikin da aka fi ɗaukar 'yan ƙauyukan yankin a kansa shi injin ya fara cinyewa, sabon aikin da ya maye gurbinsa kuma yana birni.

Shi ya sa wasu suka zaɓi su fita daga layin albashi su koma 'yan kwangila. Amanda Healy, 'yar ƙabilar Wonnarua ta kwarin Hunter a jihar New South Wales, ta yi shekaru masu yawa tana aiki da kamfanonin ma'adinai na BHP da Rio Tinto da WMC, har a Afirka da Kanada. A farkon shekarun 2000 ta kafa kamfanin gyaran injuna mai suna Maxx Engineering, ta raine shi ta sayar. A 2017 ta haɗa hannu da wasu suka kafa Warrikal, mai aikin gyara da kula da injunan mahaƙai lokacin da aka tsayar da su don garambawul, ta zama shugabarsa. A tsakani kuma ta buɗe Kirrikin, mai buga zanen masu fasahar Aborijin a kan gyale da tufafi masu tsada ana biyan masu zanen. Abin lura a tafiyarta shi ne ta shiga ta ɓangaren ƙarfe da walda da ma'aikata masu yawa, inda kuɗin yake, ta zama ita ke ɗaukar aiki. Mai ɗaukar aiki kuwa ita ke yanke ko za a ba mutum hutun makoki.

Wannan hanya ta sami iska a bayanta. Kamfanin haƙar tama na Fortescue ya fara wani shiri a 2011 na ba kamfanonin Aborijin kwangilolin da suka kai dala biliyan ɗaya, ya kuma wuce adadin. Gwamnatin tarayya ta kawo nata tsarin sayayya a 2015. Amma inda aka ware kaso, 'yan dabara ba sa nisa: sai Bature mai kamfani ya nemo ɗan Aborijin ya rubuta masa rabin hannun jari a takarda, iko da riba suna inda suke. Su da kansu suna da sunan da suke kiran wannan, ma'anarsa lulluɓe gini da baƙin bango. Wata illar ta fi wannan zurfi. A ƙasar ƙabilar Yindjibarndi, inda Fortescue ke haƙa a mahaƙar Solomon, ƙungiyar da ke wakiltar masu ƙasa ta ƙi amincewa da tayin kamfanin, wani ɓangare na dangin ya ɓalle ya yi hulɗa da shi ya sami kwangiloli. Kotun tarayya ta tabbatar wa Yindjibarndi cikakken haƙƙinsu a 2017, babbar kotu ta ƙi sauraron ƙarar kamfanin a 2020, amma tama ba ta daina fita ba, 'yan'uwa kuma sun shekara da shekaru ba sa ga maciji.

Wadda ta fi kowa kare wannan sauyi da hujja ita ce Farfesa Marcia Langton ta Jami'ar Melbourne, 'yar tsatson Yiman da Bidjara, wadda ke cikin waɗanda suka yi cinikin dokar 1993 da gwamnati. A jerin laccocin da ta gabatar a gidan rediyon ABC a 2012 ta ce haƙar ma'adinai ta haifar da matsakaitan masu hali a cikin Aborijin, abin da shekaru na tallafin gwamnati suka kasa yi, ta kuma zargi wasu masu fafutukar muhalli da son a bar baƙar fata cikin talauci don daji ya yi kyan gani. An yi mata ca, musamman da aka gano cewa kamfanonin ma'adinai na cikin masu tallafa wa wani bincikenta kuma ba a faɗa wa masu sauraro ba. Kowa ya ci ladan kuturu, in ji masu sukar. Ni dai ina ganin rashin faɗar kuskure ne, amma bai rushe hujjarta ba. Albashi da kwangila sun canja gidaje na gaske. Inda hujjar ta yi rauni shi ne zaton cewa yawan ma'aikata zai rikiɗe da kansa ya zama iko.

Argyle ta nuna fuska biyu na wannan. Wurin da aka sami daiman a gabashin yankin Kimberley a 1979 wuri ne mai tsarki na mata a wurin ƙabilun Gija da Miriwoong. A labarinsu na asali, mata ne suka biyo wani babban kifi da tarun ciyawa, ya yi tsalle ya ratsa ta wata tsaga a dutse, ɓawon jikinsa ya zube a nan, shi ne duwatsun masu ƙyalli. A 1980 kamfanin ya sami sa hannun wasu mutane ƙalilan, aka ci gaba da aiki, aka haƙe tsagar. A al'adarsu akwai ilmin da na mata ne zalla, ba a faɗa wa namiji, masu binciken da kamfanoni ke turawa a wancan zamani kuwa galibi maza ne, maza suke tambaya. Wurin mata sai ya zama kamar babu shi a taswira. Sai bayan shekara ashirin da 'yan kai aka sake zama aka yi sabuwar yarjejeniya, dattawa mata suka shiga ciki sosai, aka riƙa yi wa sababbin ma'aikata bikin hayaƙi na maraba da neman kariya a bakin mahaƙar, 'yan yankin suka kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata a wani lokaci. An rufe Argyle a Nuwamban 2020. Ayyukan sun tafi, ramin yana nan.

A wannan shekarar ce kuma aka yi abin da ya girgiza kowa. Ranar 24 ga Mayun 2020 Rio Tinto ya tayar da nakiya a kwazazzabon Juukan, ya rusa kogunan dutse biyu da aka tabbatar mutane sun zauna cikinsu tun shekara dubu 46 da suka wuce. A ciki an taɓa tono wata ɗamara da aka kitsa da gashin mutum, mai shekara kusan 4,000, gwaji ya danganta ta da mutanen Puutu Kunti Kurrama da Pinikura na yau. Kamfanin bai karya doka ba: yana da izinin minista tun 2013 a ƙarƙashin wata dokar jiha ta 1972, wadda ta ba kamfani damar ɗaukaka ƙara in an hana shi, ba ta ba masu ƙasa irin wannan dama ba. Abin da ake nema tan miliyan takwas ne na tama mai kyau. Kamfanin da ya yi wannan shi ne wanda ake yabo da yawan ma'aikatan Aborijin da kyawawan yarjejeniyoyi. Duk waɗannan ma'aikata, da jami'an hulɗa da al'umma, ba wanda kujerarsa ta kai ya ce a dakata a kuma dakata.

Abin da ya biyo baya ihu ne bayan hari, ko da yake ihun ya yi ƙarfi. Masu hannun jari suka matsa, shugaban kamfanin Jean-Sébastien Jacques da manyan jami'ai biyu suka sauka. Langton na cikin waɗanda suka fi caccakar kamfanin. Aka ware dala miliyan 50 don renon shugabanni 'yan asalin ƙasa a cikinsa. A 2021 aka naɗa ɗan Aborijin na farko a hukumar daraktocinsa, Ben Wyatt, namiji, tsohon ministan kuɗi da harkokin Aborijin na jihar, wanda kwanaki kaɗan bayan Juukan ya sa hannu a irin wannan izini ga BHP a wata mahaƙar. Jihar ta yi sabuwar dokar kare wuraren tarihi, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2023, manoma da masu ma'adinai suka tayar da ƙura, cikin mako biyar gwamnati ta sanar da janye ta, aka koma tsohuwar da 'yan gyare-gyare.

Saboda haka in aka tambaye ni wace mace 'yar Aborijin ce ta fi yin tasiri a kan abin da kamfanin ma'adinai ya yi ko ya fasa, ba zan nuna kowa a cikin ofis ba. Zan nuna Yvonne Margarula, babbar mai ƙasa ta dangin Mirarr a Yankin Arewa na Ostireliya (Northern Territory), wadda ba ta taɓa neman muƙami a kamfani ba. A wannan yanki dokar 1976 ta ba masu ƙasa ikon hana haƙa, abin da dokar 1993 ba ta bayar ba, amma aka cire mahaƙar yuraniyom ta Ranger daga wannan iko tun a cikin dokar, aka haƙa ta a ƙasar Mirarr, a tsakiyar gandun dajin Kakadu. Da aka zo buɗe ta biyu a Jabiluka, bisa wata yarjejeniyar 1982 da Mirarr suka ce an matsa wa iyayensu ne suka sa hannu, sai ta ce a'a. A 1998 ita da Jacqui Katona suka kira jama'a, mutum kusan 5,000 suka zo suka tare hanya tsawon wata takwas, aka kama fiye da 500. Ita kanta an kama ta, kotu ta same ta da laifin shiga wuri ba izini, a ƙasar da doka ta ce tata ce. A 1999 su biyun suka karɓi kyautar Goldman ta kare muhalli. A 2003 aka mayar da dutsen da aka fara tonowa cikin ramin, a 2005 kamfanin ERA, mai riƙe da mahaƙan biyu, ya sa hannu cewa ba zai haƙa Jabiluka ba sai da yardar Mirarr. Da aka yi hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011 ta rubuta wa babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tana nuna baƙin cikinta, domin kamfanin lantarkin da ke da tashar yana cikin masu sayen yuraniyom ɗin ƙasarta. A 2024 gwamnati ta ƙi sabunta lasisin Jabiluka.

Kada a ɗauke ta mai ƙin kuɗi kawai. Ƙungiyar danginta, Gundjeihmi, ita ke karɓar kason Ranger tana juya shi a makaranta da kasuwanci, kuma a 2021 aka miƙa wa Mirarr mallakar Jabiru, garin da aka gina don ma'aikatan mahaƙar. Ranger ta daina aiki a Janairun 2021, kusan wata uku kafin a rufe mahaƙar Cominak da ke kusa da Arlit a Nijar, inda mutanen garin ke fama da tambaya iri ɗaya game da tulin dusar yuraniyom da aka bar musu. A Ranger kuɗin gyaran wurin ya haura dalar Ostireliya biliyan biyu, wa'adin 2026 da aka sa tun farko ya gagara, sharaɗin gwamnati kuma shi ne a killace dusar kada ta gurɓata muhalli har shekara dubu 10. A cikin filin Jabiluka ɗin nan akwai wata inuwar dutse mai suna Madjedbebe, inda masu tonon tarihi suka ba da sanarwa a 2017 cewa sun sami alamun zaman mutane na shekara dubu 65. Kafin su sa cebur a ƙasa sai da suka sa hannu a takardar da ta ba Mirarr ikon tsayar da aikin duk ranar da suka ga dama.